Ranar Da Safara'u Ta Kira Sunan Ɗan Farinta

Duk direban da ya taɓa kwana biyu a layin motocin iyakar Jibiya yana jiran a sallami takardunsa ya san gidan Safara'u mai wanki, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. A zaure ake ajiye kaya da datti, a zaure ake tarar da su a goge. Ita kuwa ta san masu kayan ciki da bai. Daga aljihun riga take gane mai cin goro, da mai sayen turaren da ba na matarsa ba, da wanda ya ce ya daina shan taba alhali ga garinta nan a kusurwar ɗinki. Hancinta ya fi na ma'aikatan iyaka aiki, sai dai ita ba ta kama kowa.

A Bugaje aka haife ta. Aure ne ya kawo ta Jibiya, gidan Abdulbaƙi direba, mai jigilar kaya tsakanin Jibiya da Maraɗi. Mutumin kirki ne, ba ya faɗa, ba ya rowa, amma karan taba ba ya barin yatsunsa sai in zai yi alwala. Shekara goma sha biyu tana share tokar tabarsa daga ɗakinta, ba ta taɓa cewa uffan ba, domin an raine ta a kan cewa mace mai kunya ba ta sa wa miji ido a irin wannan. Da tari ya kama shi, ita ce ta fara sani kafin likita, don ita ke wanke hankicinsa. Ya rasu ya bar mata yara uku da dutsen guga, da shi ta ci gaba da riƙe gidan.

Babban cikinsu shi ne Lawwali. Sunan da kowa ke kiransa ke nan, ban da ita. Ɗan fari ne, kuma Safara'u 'yar Bugaje ce ta ainihi: ba ta faɗin sunansa, ba ta yabonsa, ba ta shiga maganarsa a gaban mutane. "Yaron nan" take cewa, in ta kama dole ta ce "yayan Hasiya", da sunan ƙanwarsa. Ko zazzaɓi yake yi, sai dai ta aika ƙanwarsa da magani, ita ta tsaya bayan labule tana saurare. Matan unguwa suna buga misali da ita wajen alkunya, ita ma, a faɗi gaskiya, tana jin daɗin hakan.

Tana da ƙane, Zunnuraini, wanda ya biyo ta daga ƙauye yana yaro ya zama yaron motar mijinta. Yanzu kamasho yake yi a tasha da safe, da yamma kuma shi ne kocin yaran unguwa 'yan ƙasa da shekara sha shida, a filin da ke bayan inda manyan motoci ke fakin. Kada a ci haƙƙinsa, ya iya riƙon yara. Wanda ya yi zagi ba ya buga wasa, wanda ya gudu daga makaranta ba ya taɓa ƙwallo, kuma ba a hura usur sai an yi la'asar. Yaran sun ɗauke shi tamkar uba. Yadda yake karkata hula haka suke karkatawa, har ɗingishin da ya samu a wani tsohon rauni sai da wasu suka kwaikwaya. Rigunan ƙungiyar kuwa gidan yayarsa yake kai su, ta wanke kyauta, don riga mai lamba goma ta yaron nan ce.

A wuyan wannan rigar ta fara jin warin taba. Ta ce wa kanta hayaƙin koci ne ya bi iska. Mako na gaba ta ga ɗan rami a ƙirjin rigar, zagayayye, bakinsa a ƙone. Irin wannan ramin ta yi shekaru tana ɗinke shi a rigunan marigayi. Ta daɗe tsugune gaban baho, hannunta cikin kumfa.

Da Zunnuraini ya zo karɓar rigunan ta tare shi a tsakar gida.

"Kai, mi ke kai taba ga rigunan yara?"

Ya yi dariya, har da gyara tsayuwa, don shi abin alfahari ne a wurinsa. "Yaya, ai girmamawa ce. In an tafi hutun rabin lokaci, wanda ya fi kowa taka leda shi nike ba kara ya kunno mini wurin mai shayi. Ki ga yadda suke kashe kansu a fili don a aike su!"

"Taba tana kamawa ba a zuƙa ba?"

"Zuƙa guda ce, don ta kama. Haka maigidana Abdulbaƙi ya riƙa aikena, ga ni ban mutu ba."

"Kai ba ka mutu ba," in ji ta.

Ya ji maganar, ta kuma soke shi, amma ya san inda zai taɓa ta ta yi shiru. "Wai tsaya, Yaya. Ɗiyan mutane kike ma wannan faɗa, ko naki?"

Uwa ta tsaya tana jayayya a kan ɗan farinta, da kawunsa kuma, wanda ya fi ta iko da shi a idon dangi? Ta miƙa masa rigunan ta shige ɗaki. Ranar ta gwada yi wa yaron magana irin tasu, tana fuskantar bango tana cewa wasu dai sun manta abin da ya kwantar da ubansu. Shi ma ya ba bango amsa: "Inna, zuƙa guda ce." Ko kalma ɗaya bai canza ba daga ta kawunsa.

Ran Asabar aka shirya wasa da yaran Ɗan Issa, waɗanda suka tsallako iyaka a bayan a-kori-kura suna kiɗan galan. Filin ba wurin mata ba ne. Direbobi ne da 'yan dako da 'yan canji, da masu babur da suka jera a bakin layi. Safara'u ta yi la'asar, ta kashe garwashin guga, ta sa hijabinta, ta fita. Ba ta shirya abin da za ta ce ba. Ta tsaya a inuwar wata tirela, nesa kaɗan da teburin mai shayi, ta ga ɗanta yana wasa karon farko a rayuwarta. Ashe haka ya iya. Da ya zura ƙwallo a raga fili ya ɗauki sunansa, sai ta sunkuyar da kai, kamar ita aka kama da laifi.

Aka hura usur na hutu. Zunnuraini ya zaro kara daga bayan kunne, ya ɗaga shi sama yadda kowa zai gani, yaran suka yi tsit suna jira. Ya miƙa wa mai lamba goma. Sauran suka tafa masa, wasu da hassada ƙarara a fuska. Yaron ya taho da ɗan gudu, ya durƙusa gaban murhun mai shayi, ya kara tabar a garwashi. Ya zuƙa. Ya miƙe, ya sake zuƙa, ya riƙe, sannan ya saki hayaƙin ta hanci a hankali yana lumshe ido ɗaya. Bai yi tari ba. Wannan ne ya tsinka mata zuciya, don ta san wanda yake koyo yana tari. Kuma lumshe idon nan ta san mai shi.

"Lawwali!"

Yaron ya waiga ko'ina yana neman mai kiran. Muryar ya sani, sunan ya sani, amma bai taɓa jin su tare ba. Da idonsa ya faɗa kanta sai tabar ta suɓuce daga hannunsa. Mai shayi, wanda ya san ta shekara da shekaru, ya tsaya da buta a sama yana kallonta baki buɗe.

Ta taka tabar da silifas ta murje. Sannan ta ratsa tsakiyar fili, ta gaban 'yan Ɗan Issa, ta gaban alƙalin wasa, har inda ƙanenta yake tsaye.

"Ka tambaye ni ɗiyan mutane ko nawa. To nawa ne. Lawwali ɗana ne, ni na haife shi, kowa ya ji. Tabarka kuwa bakinka ne, ƙirjinka ne, ban hana ka ba. Amma in za ka sha, ka taka da ƙafarka ka kunna abarka, ka koma bayan motocin can inda ba su ganinka. Yaran ga hularka ma kwaikwayo suke, balle abin da ka sa a baki."

"Yaya, gaban mutane?" Muryarsa ta yi ƙasa.

"A gida na faɗa maka, ka rufe mini baki."

Wani daga cikin 'yan kallo ya yi dariya, wani dattijon direba ya daka masa tsawa. Ita dai ta juya ta kama hanyar gida, ba ta waiwaya ba.

Ba a tafa mata ba, kada wani ya zata. Zunnuraini ya kwashe rigunan ya kai wa wani mai wanki a bakin kasuwa. Yaron ya yi kwana uku yana cin tuwo a zaure, don abokansa sun sa shi gaba, da ya wuce sai su siranta murya su kira sunansa. Labari ya kai Bugaje kafin kwana biyu. A wani taron suna da aka yi makon, wata gwaggonsu mai suna Maimuna ta zaunar da ita a gaban mata.

"Safara'u, ke da ake misali da ke? Ki shiga filin maza ki kama sunan ɗan fari da ƙarfi? Ina kunyarki ta tafi?"

Safara'u ta ajiye kwanon da ke hannunta. "Gwaggo, kunyar ga na yi ta ga ubansa. Shekara goma sha biyu ina kallo ina shiru, kuna yabona, har aka fitar da shi cikin makara. Ta ishe ni haka nan. In ya sake, zan sake kiransa, ko a tsakiyar kasuwa ne."

Aka koma rabon waina.

Zunnuraini bai daina shan taba ba, har yau yana sha. Amma masu zuwa kallo sun lura cewa in an hura usur na hutu yakan gama yi wa yara magana, sannan ya ɗingisa shi kaɗai ya ɓace bayan tireloli. Ya ce wai iskar fili ce ke damunsa. Bayan wata guda, da hantsi, ya yi sallama a zaure da ƙullin riguna a kafaɗa, yana ƙorafin cewa mai wankin kasuwa yana kashe musu launi. Ta karɓi ƙullin.

Da ya fita ta kwance ƙullin, ta tono mai lamba goma tun kafin ta ɗebo ruwa. Ta duba ƙirjin, tsohon ramin ne kawai wanda ta riga ta ɗinke. Ta kai wuyan rigar hancinta ta shaƙa, ta sake shaƙa don ta tabbata. Gumi ne da jar ƙasa, wari mai tashin kai. Ta daɗe da rigar a fuskarta kafin ta jefa ta cikin baho.