Likitar da Ta Hau Bene

A gidanmu na Vénissieux, gefen birnin Lyon a Faransa, hawa na tara, babu murhu. Jikin radiyata, ƙarfen ɗumama ɗaki, kakarmu Hajiya Rabi ke jan kujerarta bayan Magariba, ni da ƙanwata Nana mu zauna a ƙafafunta tana ɓare mana gyaɗa. Tatsuniyoyinta duk na Damagaram ne, sai guda da ta ce a nan Lyon aka yi ta.

"Ga ta nan tafe, ku buɗe kunne," in ji ta.

Wai akwai wata likita Bafaranshiya da uwarta ta rasu wurin haihuwa ta tara. Ita da mijinta, shi ma likita, suka bar babban asibiti a Paris suka dawo Lyon, suna bin mata gida-gida da ma'aunin zafi da littafi, suna koya musu gane kwanakin jikinsu don su huta tsakanin haihuwa. Abokan aikinsu suka yi ta yi musu dariya. Wani lokaci lissafin ya kuskure, mace ta zo da ciki tana kuka. Likitar ba ta taɓa cewa laifin matar ba ne, sai ta zauna su sake dubawa tare.

Ran nan ta hau bene wurin wata baƙuwa, matar wani ɗalibi, wadda haihuwa uku a jere ta kusa kai ta kabari. Mijin ya miƙe zai ba su wuri. A nan Kaka kan maƙale murya kamar Baturiya, ta kira shi Mushe, wato Malam a bakin Faransawa:

"Mushe, zauna. Karatun nan na mutum biyu ne."

"Ya zauna, Kaka?"

"Ya zauna mana, yana gumi kamar mai jarrabawa!"

Mu yi ta dariya, ba mu san me muke ji ba.

Sai da na haifi ɗana na biyu, na farin bai fara tafiya ba, jiri na ɗibata, Inna ta gaya mini gaskiya. Baƙuwar nan Kaka ce. Ita Inna, mahaifiyarmu, ita ce ta zo duniya bayan hutun shekara huɗu da Kaka ta samu.

"Me ya hana ta faɗa?"

"Kunya. Amma tana so ku sani kafin ku buƙata."

Hanyar ƙirgen ba ta yi mini ba, wata na zaɓa tare da likitata. Sai dai a bakin tsohuwar da ba ta iya faɗin sunan mijinta don kunya na fara jin cewa mace za ta iya cewa ta gaji, kuma a saurare ta.