Ranar da Kwamfuta ta Ce Ba ta Ga Fuskata Ba

Abubuwa da yawa na shekarun karatuna sun shige mini duhu, sunayen wasu darussan ma sai na yi da gaske nake tuno su. Amma ranar da kwamfuta ta dubi tsabar idona ta ce ba ta ga fuska ba, wannan kam da ita za a kai ni kushewa.

Bayan digirin farko na samu gurbin na biyu a wata jami'a ta ƙasar waje, irin karatun da ake yi ta intanet kana zaune a ɗakinka. Sun ɗauke mini kuɗin makaranta da sharaɗi guda: duk wanda bai zauna jarrabawar ƙarshen zango ba, an cire shi daga tallafin. Kuma ba mutum ke tsaron jarrabawar ba, manhaja ce. Za ka nuna wa kyamara fuskarka, ta gwada da hotonka da ke wurinsu, sannan ta buɗe maka tambayoyi. In lokacin shiga ya wuce ba ta buɗe ba, shi ke nan, sai haƙuri.

To ni baƙa ce, ba wankan tarwaɗa ba, baƙa wuluk irin Babanmu. Abin bai taɓa damuna ba sai in Goggo tana kusa. Goggo yayar Baba ce, a gidanmu na Unguwar Rogo take zaune tun rasuwar mijinta, kuma tun ina 'yar budurwa take bi na da kwalbar man bilicin. Ni kuwa bakina ba ya mutuwa, kullum sai mun yi.

Ranar jarrabawar da hantsi, tsakiyar bazara, ba wuta kamar kullum. Na cika kwamfuta da caji, na ɗora ta a kan tebur, na sayi data, na zauna a ɗakin Inna na gyara ɗaurin kallabi. Na kalli kyamara, sai ga jan rubutu: ba a ga fuska ba. Na matso, na ja baya, na buɗe taga, na kunna fitilar waya na haska kaina. Ba a ga fuska ba. Ikon Allah! Ga ni zaune da ido da hanci, wai ba kowa a wurin.

Ƙanwata ta leƙo ta kafaɗata don ta ga abin da ya lalace. Ita fara ce sol, farin Inna ta biyo. Wallahi ko gama sunkuyowa ba ta yi ba, wani koren akwati ya zagaye fuskarta. Tana janyewa ja ya dawo. Ta yi dariya, sai ta dube ni ta haɗiye sauran. Ban taɓa jin wulaƙanci irin na wannan lokacin ba. Da mutum ne ya yi mini, da na wanke shi tas. To wa zan zaga?

Goggo da ke gefe tana kallonmu ta fita, ta dawo da gwangwanin farar hoda. "Ke, taho nan. Shafa wagga ki yi hwari ɗan kaɗan, in kin ƙare ki wanke." Ba da gatse ta faɗa ba, tausayina take ji, shi ya fi yi mini ciwo. Ni da na shekara da shekaru ina ƙin kwalbarta, sai ga ni na karɓi gwangwanin na buɗe, hawaye na zuba. Lokaci yana tafiya, karatuna duka yana rataye a kan wannan jan rubutun.

Baba bai fita kasuwa ba ranar saboda jarrabawata. Ya ɗaga labule ya ga hodar a hannuna.

"Aje ta," in ji shi. Ya juya ga Goggo, "Yaya, ki yi haƙuri. Da wagga fuska ta yi karatun, da ita za ta rubuta." Ya nuna kwamfutar da haɓa. "Mi take so, wagga aba?"

"Haske take so, Baba."

"Haske? A Sakkwato ɗiyata za ta faɗi don rashin haske? Ku ɗauko teburin!"

Shi da kansa ya kama gefe guda, aka dire shi a tsakar gida, inda ko kaji ba sa yarda su tsaya a wannan lokacin. Na zauna na fuskanci rana, na ɗaga kai. Kore! Tambayoyi suka buɗe.

Sai dai da sauran aiki. Manhajar ba ta yarda fuskata ta ɓace ba, ba ta son ganin mutum na biyu, ba ta son jin hayaniya. Duk wanda ya san unguwarmu ya san neman shiru a can neman rigima ne. Ƙanwata ta yi wa su Baba bayani da raɗa. Baba ya fita ya roƙi maƙwabcinmu mai injin markaɗe, sai na ji injin ya mutu. Inna ta kora awaki zaure, ta sa a sayo ƙanƙara, ta naɗe ta a leda ta tura ƙarƙashin farantin da kwamfutar ke kai, don kada zafi ya kashe ta. Rana ta hana ni ganin rubutu, ina ta ƙifta ido, sai na ga inuwa ta sauka a kan gilashin. Goggo ce, ta tsaya inda kyamara ba ta kama ta, ta miƙo lema ta rufe kwamfutar, ta bar fuskata a rana. Tsohuwar nan da ciwon gwiwarta haka ta tsaya, in hannu ya gaji ta sauya, har na gama.

Na rubuta gumi yana ɗiga a kan madannai. Daga baya na ji 'yan ajinmu na can ƙasashen suna cewa jarrabawar ba ta da wuya, su a ɗaki mai sanyi suka yi, ba su ma san kyamara tana ƙin mutum ba. Jami'a kuwa tana alfahari kowa an yi masa gwaji iri ɗaya. Na rubuta musu duk abin da ya faru, da zafina, kuma a zango na gaba mutum aka sa ya duba ni. Na ci jarrabawar, tallafina bai taɓu ba.

Da yammar ranar jarrabawar fuskata ta yi zafi rau, na ƙara baƙi a kan baƙi. Goggo ta shigo tana ɗingishi da wani abu a hannu. Na shirya mata baki, na ɗauka kwalbar ce. Ashe man kaɗe ne. Ta zauna tana shafa mini, tana ƙunƙuni: "Makauniyar banza. Wagga fuska duka a ce ba a gan ta ba?" Tun daga ranar ban ƙara jin zancen bilicin a bakinta ba, har Allah Ya karɓi abinsa.

Yau ni ma ina koyarwa, kuma na san inda matsalar take: waɗanda suka ƙera manhajar fuskokin irinsu suka fi nuna mata, ta tashi ba ta san namu ba. Shi ya sa nake gaya wa ɗalibaina, in na'ura ta ƙi ka, kada ka yi saurin zargin kanka, ka fara tambayar wanda ya koya mata gani. Ni saura ƙiris in shafe fuskar da Allah Ya ba ni don in faranta wa makauniya rai.