Ranar da Ajuma Ta Zauna a Kujera

Duk wanda ya taɓa cin shinkafar biki a Gaya har ya lashe yatsu, da wuya idan ba girkin Ajuma ya ci ba. Amma tambaye shi kamanninta, sai ya tsaya yana sosa ƙeya. Ba laifinsa ba ne. Wurin Ajuma a kowane taro bayan gida ne, inda ake kafa murhu, ita da hayaƙi da tukwanen da mutum zai iya wanka a ciki.

'Yar garin Tanda ce, daga gidan manoman shinkafa. Aure ya kawo ta Gaya, mijin ya rasu, ita ta zauna. Tun da sauran ƙuruciyarta ta faɗa hannun Hajiya Safi, matar wani mai manyan motoci da ke jigila tsakanin Kwatano da Yamai. Hajiya Safi akwai zaƙin baki. Ba ta taɓa kiran Ajuma 'yar aiki ba, Allah ya kiyaye. "Ƙanwata" take cewa. Ƙanwata ta dafa na suna, ƙanwata ta dafa na dawowa daga Makka, har Hajiya takan ba da aron ƙanwar ga ƙawayenta kamar turmi. Ita kuwa Ajuma, baiwar Allah, kalmar nan ta gama da ita. Sai ta koma gida da ƙanzo a roba, ido jajur, tana jin kanta 'yar dangi. Abin haushi, wallahi, a haka ta yi furfura.

Sai ga auren Latifa, autar Hajiya, wadda Ajuma ta sha goyawa tana tuƙa tuwo. Aka fitar da anko. A garin nan kuwa anko ba ado ba ne kawai, da shi ake sanin wa ke na wa. Hajiya ta raba atamfa koriya ga dangi na kusa da na nesa, har da wata mata da suka haɗu a jirgi bara. Ajuma ta yi ta jira. Har tela ta yi wa magana ya ajiye mata wuri. Da shiru ya yi yawa, ta cire kunya ta tambaya.

"Hajiya, nawa ankon bai iso ba."

Hajiya ta kwashe da dariya. "Haba ƙanwata, ke da anko? Mi za ki yi da shi bakin murhu? Hayaƙi shi ɓata atamhwa mai tsada a banza. In an ƙare buki akwai wata rigata da ta matse ni, taki ce."

Ajuma ba ta ji haushin Hajiya ba kamar yadda ta ji kunyar kanta. Ta dubi hannuwanta, duk tabon wuta, ta ce a hankali, "To Hajiya, a nemi mai dahuwa. Wanga karon buki zan zo, ba aiki ba."

Hajiya ta riga ta ɗora waya a kunne. Ta kaɗa mata hannu: "To, to, sai Asabar da sassahe." Ba ta ma ji ba. Yaushe ta taɓa tsammanin magana daga wajen Ajuma?

Washegari Ajuma ta tsallake gada zuwa kasuwar Malanbil, a ƙetaren iyaka. Atamfar da Hajiya ta rantse babu irinta, ga ta nan jibge a rumfuna kamar albasa. Ta saya, ta kai wa tela.

Ranar Asabar da hantsi ta shigo ta ƙofar gaba sanye da ankonta, ta gaisa da mutane, ta zauna a kujera ƙarƙashin rumfa. Wasu ba su gane ta ba, har suna matsa mata wuri da ladabi. Can bayan gida kuwa buhunan shinkafa na jingine, nama na tara ƙuda, babu wanda ya hura wuta. Hajiya ta fito a fujajan, gwala-gwalai na karo da juna.

"Ajuma! Mi nike gani haka? Baƙi na tahe daga Doso, ke kina zaune?"

"Na hwaɗa miki, Hajiya."

"Haba ƙanwata, don Allah. Ko don Latifa."

Nan ne ta taɓa ta inda ke ciwo, don Ajuma na son yarinyar nan har zuciya. Amma ta ce, "Don Latifa na zo. Allah shi ba su zaman lahiya."

Dole 'yan'uwan Hajiya na gaske suka ɗaure ɗankwali a ƙugu suka shiga bayan gida, mata masu lalle har gwiwar hannu waɗanda rabonsu da itace tun suna 'yanmata. Aka yi ta tari, ana zagin itacen wai ɗanye ne.

Wajen azahar ƙauri ya fara zagayowa. Kafin kowa ya ji, hancin Ajuma ya ji: wuta ta yi yawa, ruwa ya yi kaɗan, in aka janye itace yanzu aka yayyafa ruwa za a ceci tukunyar. Ba ta san lokacin da ta zame takalmi ba, har ta ɗaga daga kujera. Ba kowa ya kira ta ba. Jikinta ne kawai ya saba. Ta tsaya haka, rabi a tsaye.

Sai ta koma ta zauna, ta mayar da takalminta.

Da la'asar aka kawo abinci. Shinkafar ta ƙone a ƙasa, sama kuma tsakuwa. Matan da ke kusa suka yi ta yatsina suna ture faranti. Ajuma ta wanke hannu, ta yi bismillah, ta ci a hankali, hawaye na taruwa mata. Tun da ta zo Gaya, ranar ce ta fara cin abincin biki a zaune, da zafinsa, wani ya miƙo mata. Ba ta rage ko ƙwaya ba.