Koren Koɗin Kawu Sale

Ranar Juma'a, takwas ga watan Agusta na 2008, ranar da za a buɗe wasannin Olamfik, duk Guangzhou ta ƙasar Sin ta ɗauki ɗumi, ni kuwa ina tsugune a barandar gidanmu na haya a unguwar Dengfeng ina kallon dodon koɗi yana cin ganyen kabeji. Shekarata tara. Kore ne shar, da siririn layi ruwan ɗorawa da ya zagaye bayansa. Na tsince shi ne cikin buhun katantanwar da Kawu Sale, ƙanen mahaifiyata, ya sayo a wani lungu bayan kasuwar Shisanhang. Kawu mutum ne da ko safa biyu ya je saya sai ya tsaya an kira shi laoban, wato maigida, kafin ya ciro kuɗi. Wani ne ya zuga shi cewa matan Kano za su yi rububin sarƙar katantanwa, shi ne ya jibge mana buhu a falo, da yake ana hutun makaranta aka ɗora mini wankewa da tsincewa. Duk fanko ne sai wannan ɗaya da ya liƙe bakinsa, da ruwa ya taɓa shi ya fito da ƙahonninsa.

Malama Lin, mai koya mana kimiyya, a ƙasan benenmu take zaune. Da na nuna mata sai ta ciro wani littafi, ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce irinsa a tsibiri ɗaya kawai yake rayuwa a duk duniya, can saman dogayen itatuwa, kuma ana sare itatuwan, ana kwashe shi don kwalliya har ya kusa ƙarewa. Ta yi alkawari ranar Litinin za ta kai shi wurin masu bincike a jami'a. Tun daga nan na watsar da 'yar carafke da tsallen igiya a tsakar gidan, ba ni da aiki sai yayyafa masa ruwa da korar tururuwa. Burina kawai ya kai Litinin.

Bayan sallar Juma'a Kawu ya kwaso abokansa cin shinkafa. Da ya hango dodon koɗina sai ƙuruciya ta motsa masa, ya shiga ba su labarin yadda ya gagari yaran unguwarsu a wasan koɗi, wanda ake murza katantanwa ta yi ta juyi a ƙasa. Ga buhu guda na fanko a gabansa, amma wai nawa ya fi tsini. Na gaya masa abin da Malama ta ce. "Tsutsa ce za a kai jami'a, Hadiza? Ni da na zo ƙasar da ƙafata ba a kai ni ba," in ji shi, aka kwashe da dariya. Ya baɗe shi da gishirin da ke kan faranti. Ina kallo ya yi kumfa ya tattare, Kawu ya zaƙulo shi da tsinken sakace, ya gyara zama, ya murza a kan tayil. Ko juyi biyu bai yi ba ya kife, tsinin ya guntule. Gwanin unguwa ke nan. Alhaji Yakubu, mutumin Kumasi, shi kaɗai bai yi dariya ba. "Mu can ko ba komai ci muke yi," ya ce. Nan take suka koma hirar ƙwallo.

Ranar Litinin Malama Lin ta hawo da ɗan akwati da ta shimfiɗa wa ɗanyen ganye. Na miƙa mata guntun katantanwa. Sarƙoƙin kuwa ko ɗaya ba ta shiga ba, don matan Kano sun ce ba mai rataya musu ƙazanta a wuya, abin da duk wanda ya tashi a garin ya sani ban da laoban.

Yanzu 'ya'yana da murfin biro suke koɗinsu, kuma ya fi na Kawu juyi nesa ba kusa ba. Shi Kawu yana nan ya tsufa, har yau in an taru yakan ba da labarin yadda ya sa ni kuka a kan tsutsa. Ni kuwa nakan tuna ganyen nan mai laima a cikin akwati. Dodon koɗin ya tsallake teku a cikin buhu, kwana uku kawai ya rage masa.