Yadda Jatau Direba Ya Kira Sunan Ɗansa

Jatau ɗan masu tsintar auduga ne a Jazira. Da gona ta daina ciyar da su ya gangaro Umdurman, ya yi dako, ya yi yaron mota, daga baya ya samu aikin tuƙi a wata ƙungiyar agaji ta Turawa a Khartoum. A unguwar Dar Salam ya gina ɗakunansa na laka, katanga ɗaya ta raba mu. Mutum ne mai rowar magana, in ka gaishe shi sai ka ɗauka aron amsar ya ba ka.

Ɗa ɗaya gare shi, Hamid, kuma shi ne ɗan fari. Jatau ya riƙe kunyar ɗan fari kamar yadda kakanninsa suka zo da ita daga ƙasar Hausa, alhali makwabtanmu tuni sun yar. Bai taɓa kiran sunansa ba, sai dai "yaron nan". Ba sa cin abinci a akushi ɗaya, ba sa zaman hira. Duk maganar da ke tsakaninsu ta bakin matarsa Barira take bi, shi ya faɗa mata a tsakar gida, ita ta kai ɗaki. Da Barira ta rasu sai gidan ya zama babu ɗan aike.

Shekarun kasha ne, lokacin da sojoji ke tare motocin haya su sauke samari, a yi musu aski a tura su yaƙin Kudu. Hamid ya gama sakandare, Turancinsa ya fi na sa'o'insa, sai ya jera benci a wani zaure yana koyar da manya bayan la'asar. Ba ya hawa mota, ko kasuwa ba ya zuwa. Kowa a unguwa ya san wani abokinsa ya sama masa wuri a Alƙahira, kuma Hamid ya ce ba zai tafi ba sai da iznin mahaifinsa. Jatau ma ya sani. Amma ɗa ba shi da bakin tambaya, uba ba shi da bakin amsawa, kuma Jatau in ɗan ya tafi ba shi da kowa. Mun yi tayin shiga tsakani, Jatau ya ce mu sha shayinmu.

Ana nan sai aka kawo sabuwar shugaba a ofishinsu, ta ce dole direbobi su iya Turanci. Jatau ya duba kaf Dar Salam bai ga wani malami ba, ya je ya zauna a bencin baya na zauren ɗansa. Nan ya samu sauƙi guda, tunda kowa "Ustaz" yake ce wa malami, shi ma sai ya bi sahu. Ni ma ina ajin, don haka da idona na gani.

Mun daɗe a kan ƙananan kalmomin nan na iyawa da izni da tilas, su can da may da should da must. Jatau ya sha wuya. Harshensa ya saba da Larabci da Hausa, sai ya cakuɗa su duka kamar fate. Amma ya nace, har muna jin sa ta katanga yana wanke mota yana ba taya umarni da Turanci.

Ranar da sojoji suka kama Haliru ɗan mai gawayi a hanyar kasuwa, ajin ya cika amma babu mai walwala. Darasin neman izni ake yi. Hamid yakan bi mu ɗaya bayan ɗaya ya roƙi abu, kai kuma ka amsa. Ni alƙalamina ya nema, wani kujerarsa. Da ya iso bencin baya ya tsaya gaban mahaifinsa, ya nemi iznin tafiya Alƙahira.

"Father, may I go to Cairo?"

Jatau ya sunkuyar da kai yana murza hularsa. Amsar da ke kan allo ita ce a ce masa yana iya tafiya, amma ba ita ya ɗauko ba, ta tilas ya ɗauko.

"You must go, Hamid."

Wani dattijo a gefena ya ce, "Ya salam!" Hamid ya juya ya fuskanci allo, ya daɗe yana goge wurin da babu rubutu. Ni kaina sai da idona ya kawo ruwa.

Cikin makon Hamid ya bi jirgin ƙasa zuwa Halfa, hanyar Masar. Jatau bai raka shi tasha ba, ya ce yana da aiki. Aji ya watse, Turancin Jatau ya tsaya inda darasin ya tsaya, kuma da shi ya lallaɓa har ya ajiye tuƙi. Yanzu yana zama a ƙofar gida shi kaɗai da butarsa. In ka tambaye shi labarin Masar sai ya ce, "Yaron nan yana lafiya." Sunan dai sau ɗaya na ji shi a bakinsa, kuma ranar ce ya sallame shi.