Ƙafar Hagu ta Malam Kwamfos

Shekara shida ke nan da aka tare yayana Lawal a hanyar Runka zuwa Safana, aka sauke shi daga babur aka harbe shi, kwana tara bayan ya fito a talabijin. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba. Bana ma tsoro ne ya sa ni ɗaukar biro.

Yaya malamin Turanci ne a firamare, kuma yana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa a gidanmu. In aka fara labarai sai ya kashe muryar talabijin, ya tsare mu da tambaya: wannan mutumin yaya kuka gan shi? Ba ya karɓar amsa da Hausa. Mai zazzare ido yana lasar leɓe, nervous ne. Mai ɗaga haɓa yana kaɗa yatsa, arrogant. Wanda idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya, shifty, kuma Yaya ya ce kada a ba shi ajiyar ko akuya. Inna kan ce Allah ya haɗa ta da ɗan da ke kallon labarai ba ya son jin labari.

Kalmar da ya fi ƙauna ita ce composed, wato mutumin da ya tattara hankalinsa wuri guda, ya natsu. Ya maimaita ta har ɗalibansa suka laƙaba masa Malam Kwamfos, sunan ya bi shi kasuwa. Na taɓa ce masa ai Bahaushe ya gama magana, labarin zuciya a tambayi fuska. Ya yi dariya ya ce wanda ya yi wannan karin maganar bai san kyamara ba. Kyamara daga ƙirji take ɗauka zuwa sama, saboda haka mai wayo yakan kora tsoronsa ƙasa. In kana son gaskiyar mutumin talabijin, ka leƙa ƙafarsa.

Da hare-haren 'yan bindiga suka sa aka rufe makarantarsu, wasu 'yan jarida suka zo neman wanda zai yi bayani da Turanci. Kowa ya noƙe. Inna ta riƙe masa hannun riga a zaure ta ce, "Lawal, mi ya kai ka? Baki shi ka yanka wuya, kuma mutanen daji su ma suna da waya." Ya ce mata, "Inna, in ban hwaɗa ba, wa za ya hwaɗa?"

Ina tsaye a gefe aka ɗauke shi a kyamara a gindin dalbejiyar makaranta. Muryarsa ba ta yi rawa ba ko sau ɗaya. Amma ni na ga abin da Najeriya ba ta gani ba: ƙafarsa ta hagu tana kaɗawa kamar ta tela a kan keke, ya danne gwiwar da tafin hannu. Da aka watsa hirar, mai gabatarwa ta kira shi da kalmar nan tasa. Ya yi ta murna kamar an ba shi kujerar Makka.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu ba sai an jira 'yan jarida ba, kowa talabijin ɗinsa na aljihunsa. Waɗanda suka raba mu da gonakinmu su ma suna fitowa a waya, bindiga a cinya, suna murmushi, ba alamar rawar ƙafa. Mu kuwa in za mu yi magana sai an dusashe mana fuska an sauya murya. Da ana cewa tsoro na daji, kunya na gida. Yanzu tsoron ya taso daga daji ya shigo gida ya shimfiɗa tabarma. Ban san kalmar da Yaya zai ba wa mai fuskar da aka goge ba.

Ni ma koyarwa nake yi yanzu, a Batsari, ajina cike da yaran da suka gudo daga ƙauyuka irin su Yasore. Makon jiya wasu 'yan jarida suka zo, suka ce sun ji ni ƙanwar wane ce. Sun yi mini alkawarin ɓoye fuska. Na kwana biyu ina juya maganar. Inna ta tsufa, ni kaɗai na rage mata, kuma ban gaya mata ba. Amma harsashi ya riga ya goge fuskar gidanmu sau ɗaya, na kasa yarda a goge ta a karo na biyu.

Shekaranjiya na zauna gaban kyamara da fuskata a buɗe. Na yi maganar yaran da azuzuwan da aka rufe. Da muka gama, yarinyar da ta yi mini tambayoyi ta ce ba ta taɓa ganin mace mai natsuwa kamata ba. Ba ta lura da inda hannuna yake ba.

Yaya bai bar mini gadon gida ko gona ba, kuma ba zan yi ƙaryar ya bar mini jarumta ba. Tsoro nake ji, irin wanda ke sa in ji ƙarar babur in ajiye alli. Abin da ya bar mini shi ne sanin inda ake ajiye tsoro har a gama faɗin gaskiya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. An watsa hirar jiya. Yau kwana ɗaya, kuma ina ƙirgawa.