Jan Tsumma a Kunnen Buhu

A shekarar da na kammala digirina a fannin tattalin arziki, na yi watanni a gida ina jiran takardar bautar ƙasa. Na ce watanni ne kawai domin ban riƙe adadinsu ba, kuma ba na son in rubuta abin da ban tabbatar ba. Kundin binciken da na miƙa wa jami'a ya tsaya a kan magana ɗaya: cewa jari-hujja da cinikin da ba shinge tsakanin ƙasashe su ne tushen yawancin matsalolin duniya. Na yarda da maganar ƙwarai, har nakan maimaita ta ga duk wanda ya tsaya saurarona.

Mahaifina sana'ar wake yake yi. Yana da sito a unguwarmu ta Dala a Maiduguri, inda yake tara abin da ya saro daga ƙauyuka kafin a yi lodinsa zuwa Kudu. Babban mai sayen kayansa wani ɗan kasuwa ne Ibo, Kirista, wanda ya daɗe a Maiduguri har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Shi ya laƙaba mini Farfesa, kuma ba don yabo ba.

Wani mako Baba ya tafi ƙauye sarin kaya, ya bar mini makullin sito. Abin da na tarar bai gamshe ni ba. Buhunan suna jibge ba tsari, kuma a kunnen wasu an ɗaure jan tsumma wanda duk ya yi dauɗa. Na ɗauka alamar manoman da suka sayar ce, wadda amfaninta ya ƙare. Na kira 'yan dako suka jera mini buhunan, masu manyan ƙwaya a gefe, masu ƙanana a gefe. Da suka tafi na bi tsummokin ɗaya bayan ɗaya na kwance, na zuba a shara. Ina tuna yadda na tsaya a bakin ƙofa ina jin daɗin aikina.

A makon ne za a yi sadakar arba'in ta mijin Gwaggo, yayar Baba, wadda ke zaune a unguwar Shehuri. Baba ya yi mata alkawarin waken ƙosai. Ranar Laraba ta aiko, na zagaya sito na zaɓi buhun da ya fi kowanne kyau, wanda ban ga huji ko ɗaya a ƙwayarsa ba, na auna mata aka kai a keke. An shirya raba ƙosan ga malamai da maƙwabta bayan sallar Juma'a.

Baba ya dawo Alhamis da yamma a gajiye, bai leƙa sito ba. Washegari Juma'a, wajen tsakar rana, abokin cinikin nasa ya zo duba kaya, muka buɗe mu uku. Mutumin ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ba.

"Alhaji," ya ce wa Baba, "ina jajayenmu?"

Baba ya dubi buhunan, ya dube ni. Na yi musu bayanin gyaran da na yi, har da dalilaina. Babu wanda ya katse ni. Da na gama, Baba ya yi magana a hankali, irin yadda ban saba ji daga gare shi ba.

"Duk buhun da ka ga jan tsumma, an zuba masa maganin ƙwari makon jiya. Ba a cinsa sai ya yi watanni." Ya juyo gare ni. "Waken Gwaggonka, daga ina ka ɗiba?"

Na nuna buhun. Abokin nasa ya cusa hannu, ya ɗebo, ya shinshina, ya matsa ga na kusa ya shinshina, ya girgiza kai. Kwanakin da suka yi tare a rufe sun sa kowanne ya ɗauki warin ɗan'uwansa. Babu yadda za a gane. Na zaro wayata. Na kira wayar Gwaggo sau uku, ko huɗu, tana ƙara ba a ɗauka. Ranar aikin sadaka ce, wayar na ɗaki, mata na tsakar gida.

Muka cusu a gaban a-kori-kurar mutumin, yana tuƙi, ni a tsakiya. Wata kwalbar maganin da ba komai a ciki tana ta gangarowa tana bugun ƙafata. Na ɗauka na duba. Rubutun jikinta na wata ƙasa ce mai nisa, ko harafi ɗaya ban iya karantawa ba. Tsoro ne ya sa na yi magana, ba ilimi ba.

"Don me za a zuba guba a abinci?"

"Farfesa," in ji mai tuƙin, idonsa a kan hanya, "kai wake mai huji ɗaya Legas ka gani. Matar da za ta saya za ta juya shi a tafin hannu, ta ajiye, ta yi gaba wurin wani."

"Ai da toka da barkono ake adana shi a da," na ce.

"Haka kakanka ya yi," Baba ya ce. "Waken kakanka kuwa bai taɓa wuce Damaturu ba."

Na ce to wannan shi ne abin da na rubuta, kasuwa ce ta tilasta. Mai tuƙin ya danna wa wani mai keke oda, sannan ya ce, "Rubuta a littafinka kasuwa ce. Amma ni ban taɓa ganin kasuwa ta tsuguna tana kwance tsumma ba."

"Ƙyale shi," Baba ya ce. "Ni ne ban gaya masa ba. Taka motar nan."

Kusa da fada an riga an tare hanya, masallata sun fara shimfiɗa dardumai a kan kwalta. Muka bar motar muka shiga lungu da gudu. Baba mai ciwon gwiwa yana gabana, babbar rigarsa a tattare a kafaɗa. A zuciyata ina ganin malaman da za su zauna a zaure, da yaran maƙwabta da za a miƙa wa a leda, da tsofaffin da za a aika wa har ɗaki. Kafin mu kai ƙofar gidan na jiyo ƙamshin suya. Tun ina ƙarami nake son ƙamshin nan, amma ranar ƙara gudu ya sa ni.

Abokin Baba ya tsaya a zaure, mu muka faɗa ciki ba sallama. Manyan kwanoni na jere a inuwa, cike da ƙosai, an rufe su da faifai. Gwaggo tana zaune a tabarma cikin kayan takaba.

"Wushe, wushe," ta yi mana sannu da zuwa. "Lafiya kuke haki kamar an biyo ku?"

"Yaya, wa ya ci?" Baba ya tambaya. "Ƙosan nan, wa ya ci?"

"A gidana? Wa zai taɓa sadaka kafin malamai su yi addu'a a kai? Tun safe nake korar yara da mafici." Ta dubi fuskokinmu, murmushinta ya ragu. "Ni kaɗai na ɗanɗana gishiri. Guda biyu." Ta ƙirga da yatsu. "To, uku."

Da aka yi mata bayani ta ce ita tana takaba, babu inda za ta. Baba ya durƙusa a gabanta, ya ce lalura ce, kuma idan akwai laifi ya ɗauka. Da ƙyar ta yafa mayafi, muka kai ta wani ƙaramin asibiti a motar mutumin. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi sunan maganin, na miƙa mata kwalbar, ta juya ta, ta mayar mini. Ita ma ba ta iya karantawa ba. Likita ya ce a kwantar da Gwaggo a sa mata ido: yawan miyau, amai, rawar jiki, zufa mai yawa.

Zufa, a Maiduguri, da tsakar rana. Na zauna a gefen gadon ina kallon goshinta, kowane ɗigo ya tsattsafo sai gabana ya faɗi. Ta yi tari na miƙe tsaye. Ta lumshe ido na kira ta da ƙarfi.

"Kai ɗan nan," ta ce, "in waken bai kashe ni ba kallonka zai kashe ni. Matsa can."

Kafin magariba likita ya ce ta tafi gida, a dawo da ita in an ga wani canji. Ba a gani ba. An haƙa rami a bayan gida aka binne ƙosan da sauran ƙullun, don kada awaki ko yara su kai gare shi. Malamai sun yi addu'arsu a kan dabinon da abokin Baba ya je ya sayo.

Har yau ban san ko buhun nan yana cikin masu magani ba. Mai yiwuwa wanki da surfe ne suka rage shi, mai yiwuwa tun asali lafiyayye ne. Na sake karanta kundina bayan haka. Ban ga ƙarya a ciki ba: nisan kasuwa ne ya kawo maganin, kuma kwalbar ta ƙetaro iyakoki ba tare da wani ya tambayi ko masu amfani da ita za su iya karanta ta ba. Amma babu shafin da ya ambaci mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa ya lura, kuma babu wanda ya ambaci hannuna.

Washegari Baba ya yayyaga wani tsohon jan zane, ya miƙa mini. Na ɗaure wa kowane buhu a siton, har da waɗanda wataƙila ba su da komai, aka kulle su na watanni. Gwaggo tana nan da ranta, kuma tana aikowa a kai mata wake. Saƙon nata ba ya canzawa: a auna mata mai huji, wanda ƙwaro ya ci ya rayu.